Yadda Ake Auna Tasirin Asusun Ajiyar Yara a Kan Karatunsu

Yawancin rahotannin da ake rubutawa game da shirye-shiryen buɗe wa yara asusun ajiya suna tsayawa ne a kan abu biyu, wato yawan asusun da aka buɗe da kuma jimillar kuɗin da suka taru a ciki. Waɗannan alƙaluma suna da daɗin karantawa a wajen taro, kuma banki zai iya fitar da su cikin 'yan mintuna, sai dai ba su amsa tambayar da ta sa aka kafa shirin tun farko ba: shin yaron da aka buɗe wa asusu ya fi zama a makaranta, ya fi iya karatu, ya kuma yi nisa a ilimi fiye da yadda zai yi da ba a buɗe masa ba? Wahalar aikin duk tana cikin wannan "da ba a buɗe masa ba", domin babu mai iya ganin yaro ɗaya a hali biyu, yana da asusu kuma ba shi da shi. Dole ne a samo wasu yaran da za su tsaya a madadin halin da ba a gani ba, kuma ingancin awon ya dogara ne kan yadda aka samo su.

Wanda ya fi yayata wannan tunani a fagen bincike shi ne Michael Sherraden na Jami'ar Washington da ke St. Louis a Amurka, wanda a littafin da ya wallafa a 1991 ya kafa hujjar cewa kuɗin shiga cinye su ake yi, amma dukiyar da aka ajiye, komai ƙanƙantarta, tana sauya yadda mutum yake hangen gobensa. Ajiya da sunan yaro ba baƙon abu ba ne a wurin Bahaushe. Kalmar asusu ma kanta daga ɗan tulun ƙasar nan aka aro ta, wanda yaro yake jefa wa kwabbai har ya fasa shi gab da salla, ga kuma akuya ko tunkiyar da ake kiwatawa da sunansa, ga adashin da uwa take zubawa. Sabon abu a nan shi ne iƙirarin cewa ajiyar banki tana gyara karatu, kuma iƙirari ne da sai an gwada shi kafin a karɓa.

A fara da zana hanyar da tasirin zai bi

Kafin a buga takardar tambayoyi ko guda ɗaya, masu shirin su zauna su rubuta dalla-dalla ta wace hanya suke zaton asusu zai taɓa karatun yaro. Hanyoyin da aka fi ambata biyu ne. Ta farko hanyar kuɗi ce: a tara kuɗi, a cire su a farkon zangon karatu, a sayi littafin rubutu da yunifom, a biya kuɗin PTA ko na jarrabawa, saboda haka ba a koro yaro gida ba, ya zauna a aji, ya koyi abin da ake koyarwa. Ta biyu hanyar buri ce: uwa ta san akwai wasu kuɗi da aka ajiye da sunan 'yarta don karatu, sai ta fara kallon sakandare ko kwaleji a matsayin abin da zai yiwu, ta tsaya mata a kan zuwa makaranta, ta kuma ja da maganar cire ta idan ta taso.

Amfanin wannan rubutu shi ne kowace gaɓa a cikin sarƙar tana da abin da za a auna da kuma lokacin da ya dace a auna shi. Idan asusun na kulle ne, ba a taɓa shi sai yaro ya kai shekara 18, to babu dalilin sa ran ganin sababbin littattafai a jakarsa a zango mai zuwa, kuma wanda ya auna hakan ya ce shirin ya gaza bai yi masa adalci ba. Haka kuma idan aka zo ƙarshe ba a ga wani sauyi a sakamakon jarrabawa ba, sarƙar ce za ta nuna inda igiya ta tsinke: ko kuɗin ne ba su taru ba, ko sun taru aka sayi taki da su, ko an sayi littattafan amma malamin ne ba ya shiga aji.

A wannan zama ne kuma za a zaɓi manyan ma'aunai biyu ko uku, a rubuta su, a sa kwanan wata, a damƙa wa wani wanda ba ya cikin shirin. Dalili shi ne duk wanda ya auna abubuwa ashirin, da wuya ya rasa guda ɗaya da ya motsa bisa katari kawai, kuma zuciyar ɗan Adam za ta raya masa cewa ai wannan ɗin ne dama yake nema.

Da wa za a kwatanta?

Kuskuren da ya fi yawa, wanda kuma ya fi ruɗar mutane, shi ne a kwatanta yaran da iyayensu suka buɗe musu asusu da yaran da iyayensu ba su buɗe ba. Uban da ya bar sana'arsa ya je banki ya bi layi ya cike takardu don ɗansa, mai yiwuwa shi ne uban da yake duba littafin yaron da daddare, kuma yana da ɗan rarar da maƙwabcinsa ba shi da ita. Idan ɗansa ya fi ƙoƙari a aji, ba za a iya cewa asusun ne sanadi ba. A Amurka an sha yaɗa wani sakamako daga binciken William Elliott, cewa yaran gidajen masu ƙaramin ƙarfi da ke da ajiyar karatu ko da ba ta kai dala 500 ba sun ninka waɗanda ba su da ita wajen sau uku a yiwuwar shiga kwaleji. Alƙaluman sun fito ne daga bibiyar iyalan da suka zaɓar wa kansu yin ajiya ko barinta, don haka suna nuna cewa abubuwan biyu suna tafiya tare, amma ba su isa su tabbatar da cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya ba.

Maganin wannan matsala shi ne ƙuri'a. Idan ƙuri'a ce ta raba yara gida biyu, to masu hali da marasa hali, iyaye masu kula da marasa kula, yara masu kaifin ƙwaƙwalwa da masu jinkirin fahimta, duk za su warwatsu a ɓangarorin biyu kusan daidai, kuma bambancin da ya bayyana daga baya za a iya jingina shi ga shirin. Misalin da ya fi shahara shi ne gwajin SEED OK na jihar Oklahoma, inda aka zaɓo jarirai kimanin 2,700 daga cikin waɗanda aka haifa a 2007, aka yi hira da iyayensu mata, sannan aka raba su biyu ta hanyar ƙuri'a. Rabin aka buɗe musu asusun karatu kai tsaye aka zuba dala 1,000 a ciki, sauran rabin kuma ba a ba su ba. A lura da tsarin: hira ta riga ƙuri'a. Awon farko dole ne a kammala shi kafin kowa ya san ɓangaren da zai faɗa, domin amsar mutumin da ya san an ba shi ba ta zama ɗaya da ta wanda ya san an hana shi.

A makarantunmu, raba 'yan aji ɗaya gida biyu ba zai yi kyau ba. Yaran za su gaya wa juna, iyaye za su zo wurin hedimasta da ƙorafi, wasu daga cikin waɗanda ba a ba su ba za su je su buɗe nasu, sai rukunin kwatancen ya gurɓace. Abin da ya fi shi ne a jefa ƙuri'ar a kan makarantu, ba a kan yara ba. Haka aka yi a Ghana ƙarƙashin shirin YouthSave, wanda ya gudana daga 2010 zuwa 2015 a ƙasashen Ghana da Kenya da Nepal da Kolombiya: an ɗauki ƙananan makarantun sakandare 100, aka kai wa 50 hidimar asusun Enidaso na bankin HFC, aka bar 50 don kwatance. Amma wannan tsari yana da tsadarsa, kuma a nan ne ƙananan ƙungiyoyi suka fi tuntuɓe. Idan makarantu aka raba, yawan makarantun ne yake ba wa awon ƙarfi, ba yawan yaran ba. Yara dubu biyu a makarantu huɗu kusan ba su gaya maka komai, domin idan aka yi wa hedimasta ɗaya mai ƙwazo canjin wurin aiki, ko rufin ajujuwa ya yaye a makaranta ɗaya, wannan kaɗai ya isa ya juya sakamakon. Yara talatin-talatin a makarantu sittin sun fi su amfani nesa ba kusa ba. Yana da kyau a nemi masanin ƙididdiga tun a wannan mataki ya lissafa yawan makarantun da ake buƙata, ba sai an gama tattara bayanai ba, lokacin da shawararsa za ta zama ihu bayan hari. A kuma tabbatar makarantun ɓangarorin biyu ba su yi kusa da juna sosai ba, don kada a samu gida ɗaya da wa yake wannan makaranta, ƙani yake waccan.

Akan ce ƙuri'a rashin adalci ce, tunda an hana wasu yara. Ni ban ga haka ba, matuƙar kuɗin shirin dama ba za su isa kowa a shekarar farko ba. In ba ƙuri'a ba, zaɓin zai koma hannun wanda ya san wani, ko makarantar da ke bakin titi. A tara hedimastoci da shugabannin iyayen yara da wakilin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, a rubuta sunayen makarantu a 'yan takardu, a dunƙule, a zuba a kwano, a kira ƙaramin yaro ya ɗebo a gaban kowa. A kuma bayyana tun a wurin cewa makarantun da ba su fito ba za su shiga bayan shekara biyu ko uku, in har da gaske akwai kuɗin yin hakan. Alkawarin da ba za a cika ba gara kada a ɗauke shi.

Wani lokaci shirin ya riga ya fara, ƙuri'a ba za ta yiwu ba. A nan sai a nemo makarantu masu kama da na shirin ta fuskar girma da nisa daga gari da sana'ar iyaye, a kwatanta sauyin da kowane ɓangare ya samu, ba matsayin da yake kai ba. A ce kafin shirin yara 60 cikin 100 ne ake samu a aji a makarantun shirin, 70 kuma a na kwatance, bayan shekara biyu suka koma 68 da 74. Na farko sun ƙaru da 8, na biyu sun ƙaru da 4 ba tare da wani asusu ba, saboda haka abin da za a iya jingina wa shirin 4 ne, ba 8 ba. Wannan lissafi yana tsayawa ne kawai idan akwai shaidar cewa ɓangarorin biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa a shekarun baya, kuma babu wani abu dabam, kamar ciyarwa a makaranta, da ya shigo ɓangare ɗaya a daidai lokacin.

Akwai kuma dabarar amfani da ranar haihuwa. Birtaniya ta ba duk yaron da aka haifa daga 1 ga Satumba 2002 zuwa 2 ga Janairu 2011 asusun amana, inda a farkon shirin gwamnati take zuba fam 250, ko 500 ga 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi. A ido, kwatanta wanda aka haifa a ƙarshen Agusta 2002 da wanda aka haifa a farkon Satumba kamar ƙuri'a ce da Allah ya jefa. Sai dai a Ingila ranar 1 ga Satumba ita ce kuma take raba ajujuwa, don haka ɗan Agusta shi ne ƙaramin ajinsu, ɗan Satumba kuma babban aji na baya, kuma wannan kaɗai yana shafar sakamakon jarrabawa. A wurarenmu, inda yara da yawa ba su da takardar haihuwa kuma shekaru ƙiyasi ake yi, wannan dabara ba ta da ƙafar tsayawa sosai.

Abin da za a auna, da yadda za a auna shi

Bayanan banki su ne mafi sauƙin samu: ranar da aka zuba, nawa aka zuba, ranar da aka cire, da wanda ya cire. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, domin asusun ƙaramin yaro a hannun waliyyinsa yake. Amma kada a ɗauki abin da ke banki a matsayin sabuwar ajiya. Wani gwaji da aka yi a makarantu 135 a Ghana, wanda ya haɗa da manhajar Aflatoun mai koya wa yara harkar kuɗi tare da zamantakewa, ya gano cewa ajiyar yara a makaranta ta ƙaru, amma galibi kuɗin da suke ajiyewa a gida ne suka kwaso suka kai can. Don haka a tambayi yaro da iyayensa, a ɓangarorin biyu, game da duk inda suke ajiya: asusun gida, wajen Inna, adashi, kaji da awaki, da hatsin da aka ɓoye. Idan aka sayar da akuyar yarinya aka zuba kuɗin a banki, littafin banki zai nuna ci gaba alhali wurin ajiya kawai aka sauya, kuma akuyar tana haihuwa.

Ga zuwa makaranta kuwa, kada a dogara da rajista. Na taɓa shiga wata firamare ranar Laraba, wadda ta kasance ranar kasuwar garin, na roƙi malamin aji biyar ya nuna mini rajistarsa. An cike makon gaba ɗaya da biro ɗaya, har da Alhamis da Juma'ar da ba su zo ba tukuna, kowa ya halarta. Da na ɗaga kai na dubi ajin, bencinan baya duk babu kowa. Malamin bai ko ji kunya ba, ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk 'yan ajin nan ne, kasuwa ce ta ɗauke su, gobe za ka gan su." Ban zarge shi ba, domin a wurinsa rajista shaida ce ta cewa yaro bai bar makaranta ba, ba ta cewa ya zo yau ba. Abin da ya dace shi ne ziyarar ba-zata: ma'aikacin bincike ya zo da nasa jerin sunayen, ya kira suna da kansa, ya ga yaron da idonsa. A yi haka sau da yawa a shekara, a haɗa da lokacin shuka da na girbi da ranakun kasuwa, kuma a ziyarci makarantun ɓangarorin biyu a makonni iri ɗaya. Wanda ya ƙirga makarantun shiri da rani, ya ƙirga na kwatance da damina, yanayi ya auna, ba asusu ba.

Koyo ma haka. Makin da malami ya bayar a jarrabawar ƙarshen zango ba ya kwatantuwa tsakanin makarantu, domin kowane malami da nasa hannun. A yi amfani da gwaji guda ga kowa, wanda mutanen waje za su gudanar su kuma yi makinsa ba tare da sun san ɓangaren da makarantar take ba. Ga ƙananan ajujuwa akwai gwajin EGRA, wanda an riga an daidaita shi da Hausa an kuma yi aiki da shi a jihohin Bauchi da Sakkwato: yaro yana karanta haruffa da kalmomi da ɗan gajeren labari, a ƙirga kalmomin da ya karanta daidai cikin minti ɗaya, sannan a yi masa tambayoyi a kan labarin. Ga manya kuma akwai jarrabawar ƙasa, irin su BECE da WAEC da NECO. Binciken Fred Ssewamala a kudancin Yuganda, wanda aka fi sani da Suubi, inda ake ninka wa marayu abin da suka ajiye, ya yi amfani da sakamakon jarrabawar kammala firamare ta ƙasar. Amma a nan akwai tarko. Idan shirin ya yi nasarar riƙe yara masu rauni waɗanda da sun gudu, matsakaicin makin makarantun shirin zai iya sauka, alhali alheri aka yi. Saboda haka a ba da alƙaluma biyu tare, yawan waɗanda suka zauna jarrabawar da kuma yawan waɗanda suka ci, dukansu a kan adadin yaran da aka fara da su. A kuma tuna cewa a shirye-shiryen Yugandan an haɗa asusun da horo da nasiha, don haka sakamakonsu na kunshin ne gaba ɗaya, ba na asusu shi kaɗai ba.

A ganina ma'aunin da ya fi kowanne daraja a Arewa shi ne tsallakawa daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, da daga ƙaramar zuwa babba, musamman ga 'yan mata, domin a waɗannan mashigai ne aka fi yin asarar yara, kuma a nan ne kuɗi suke yanke hukunci.

Auna buri ya fi wuya. Idan ka tambayi uwa ko tana so ɗanta ya je jami'a, amsar da za ka samu ita ce "in Allah ya yarda", daga kowa. A raba tambayar biyu: abin da take fata, da kuma ajin da take ganin zai kai idan aka dubi halin da gidan yake ciki. Ta biyun ce take motsi. A gwajin Oklahoma, lokacin da yaran suke wajen shekara huɗu, an ga alamun cewa iyaye matan da 'ya'yansu ke da asusu sun fi riƙe kyakkyawan zato game da karatun yaran, kuma yaran gidaje marasa ƙarfi sun fi takwarorinsu a ma'aunin ɗabi'a da mu'amala. Masu yin hirar kada su sa rigar shirin, kada su zo a motar da ke ɗauke da tambarin banki, kuma a tura mata su yi hira da mata, tunda gidaje da yawa ba a shiga.

Dole ne kuma a nemi illa da gangan. Gwajin nan na makarantu 135 a Ghana ya ga alamar cewa yaran da aka koya wa harkar kuɗi zalla sun ƙara yawan aikin neman kuɗi. A garin da talla ta zama ruwan dare, ba sai an yi dogon tunani ba: yarinyar da ake yaba wa a gaban aji saboda ta fi kowa ajiya za ta iya ƙara sa'o'in ɗaukar faranti, ko yaro ya hana cikinsa kuɗin tara don ya samu abin zubawa. A sa tambayoyi kan sa'o'in talla da aikin gona da cin abincin safe, a kuma tambayi inda kuɗin ajiyar suka fito.

A ƙirga kowa, a kuma bi sawun wanda ya ɓace

A ce an yi wa yara 1,000 tayin asusu, 300 suka yi ajiya a kai a kai. Jarabar da ke zuwa ita ce a ɗauki 300 ɗin a kwatanta da rukunin kwatance. Yin haka ya rushe ƙuri'ar, domin 300 ɗin su suka zaɓi kansu. A kwatanta dubun gaba ɗaya, har da wanda bai taɓa zuba ko sisi ba, tunda abin da gwamnati ko ƙungiya take iya yi shi ne tayi, ba tilastawa ba. Yawan waɗanda suka karɓa shi ma sakamako ne. A jihar Maine ta Amurka, lokacin da sai iyaye sun nema kafin a ba jariri kyautar dala 500, fiye da rabi ba su nema ba, abin da ya sa aka koma ba kowa kai tsaye.

Bin sawu shi ne aikin da ya fi cin kuɗi da takalmi. Yaron da babu shi a makaranta bayan shekara biyu, ko dai ya bar karatu, ko ya koma wata makaranta, ko an kai shi almajiranci, ko iyalin sun tashi, kuma kowanne ma'anarsa dabam. Tun ranar farko a ba kowane yaro lamba, domin a aji ɗaya za ka iya samun Aisha Muhammad uku. A rubuta laƙabin da aka san shi da shi a unguwa, da sunan mahaifiya, da sunan mai unguwa, da lambobin waya biyu na dangin da ba gida ɗaya suke ba. A ƙarshe a bayyana yawan waɗanda aka rasa a kowane ɓangare. Idan an fi rasa yara a makarantun kwatance, saboda ma'aikata sun fi sabawa da makarantun shiri, sakamakon ya karkace ko da lissafin ya yi daidai.

Duk wannan bayani ne na yara da na kuɗin mutane, don haka sai da yardar iyaye, a karanta musu da Hausa, a kuma nemi amincewar yaron shi kansa. A Nijeriya Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta shafi irin wannan aiki. A cire sunaye kafin a haɗa bayanan banki da na makaranta, a bar lambobi kawai.

Fassara sakamakon

In da hali, kada a tsaya kan tambayar ko asusu yana aiki, a gwada siffofinsa. Dean Karlan da Leigh Linden sun yi haka a makarantun firamare 136 a Yuganda: a wasu makarantun ana mayar wa yara ajiyarsu a matsayin takardar da ba ta sayen komai sai kayan karatu, a wasu kuma ana ba su tsabar kuɗi. Abin mamaki, yara sun fi ajiya inda ake ba su tsaba, kuma inda aka haɗa wannan da wayar da kan iyaye ne aka ga ƙarin sayen kayan karatu da ɗan ƙarin maki. A wurinmu siffar da ta cancanci gwaji ita ce ta kuɗin ruwa. Iyaye da yawa za su ƙi asusun da ke da ruwa, kuma tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 akwai zaɓin da babu shi, don haka ƙarancin karɓa zai iya zama hukunci a kan nau'in asusun, ba a kan ajiya ba.

A kuma lissafa hauhawar farashi. A 2024 ta haura kashi 30 cikin 100 a Nijeriya, wanda ke nufin naira 10,000 da ta kwana shekara a asusu ba tare da ƙari ba, abin da za ta saya bai wuce na wajen naira 7,700 a farkon shekarar ba. Gwara a fassara ajiyar zuwa abin da take saya, littattafai nawa, yunifom nawa, kashi nawa na kuɗin jarrabawa. Sannan a haɗa duk abin da aka kashe, har da albashin ma'aikata da man babur, a raba da yawan ƙarin yaran da suka tsallaka aji, a kwatanta da abin da kuɗin za su yi da yunifom aka raba kai tsaye.

A rahoton, kowane adadi ya zo tare da iyakar shakkar da ke kansa, kuma a bambanta "ba mu ga tasiri ba" da "babu tasiri", domin ƙaramin bincike yakan kasa ganin abin da yake nan. Batun lokaci ma a faɗe shi ɓaro-ɓaro. Birnin San Francisco ya fara buɗe wa 'yan ajin share fage asusu da dala 50 a 2011, kuma sai a 2023 rukunin farko suka gama sakandare. Jariran Oklahoma sai a 2025 suka cika shekara 18. Shirin da aka ba kuɗin shekara uku zai iya ba da labarin zuwa makaranta da iya karatu da tsallaka aji, amma maganar jami'a ta fi ƙarfinsa. Abin da zai iya yi shi ne ya nemi izinin iyaye tun yanzu na a sake tuntuɓarsu nan gaba, ya kuma adana jerin ƙuri'ar da lambobin yaran da adireshin danginsu a wuri biyu, ɗaya a jami'ar da ta yi aikin tare da shi, domin wanda zai zo neman yaran nan bayan shekara goma ya samu inda zai fara.